Kujerar Dakar

Litinin, bayan Azahar

A wurin taron bita aka raba mana wannan littafi, aka ce kowane Jakadan Maza ya riƙa rubuta ci gaban da ake samu a gidansa. Sai yau na buɗe nawa.

Sunana Malam Munzali Abbas, malamin aji biyar, kuma Jakadan Maza na Shirin Kafaɗa da Kafaɗa a nan Daura. Shirin na ƙungiyoyin mata ne, namu da na Nijar da na Senegal, da wasu Turawa da ke taimaka musu daga nesa, don mata su samu sana'a kuma a riƙa jin ta bakinsu. Aikina shi ne in shiga majalisun maza in wayar musu da kai. An ba ni riga mai rubutu da hular hana-salla.

Ci gaba na farko: matata Haulatu ta tafi Zango gaida iyayenta. Ta tafi da 'yarmu Raihana. Ta tafi da akwati, da buhun kayan sawa, da babbar tukunya. Ban san ana zuwa gaisuwa da tukunya ba, amma ban hana ta ba, domin mace tana da iko da tukunyarta.

Talata, da safe

Ba yaji ba ne. Duk mai cewa yaji ne bai halarci bita ba.

Talata, bayan La'asar

Na dawo daga makaranta na leƙa sashen Inna, mahaifiyata, na gaishe ta, na zauna ina jiran in ji motsin kwano. Ta ce hannunta na dama yana ciwo tun jiya, ba ta iya riƙe muciya. Tana faɗar haka tana dama fura da wannan hannun. Ta shanye a gabana, ta suɗe ludayin.

Na ce, "Inna, ba a rage ba?"

Ta amsa da Fulatanci. Inna Bafulatana ce daga wajen Mashi, in ranta ya ɓaci sai ta ajiye Hausa gefe. Ni kuwa abin da na iya a Fulatanci bai wuce gaisuwa ba, sai kalmomin da take faɗa min tun ina yaro in na fasa ƙwarya. Yau irin waɗannan ne.

Na ci burodi da shayi wurin mai shayi. Lafiya lau nake.

Laraba, da yamma

Na je shagon Saminu tela, abokina tun muna firamare, karɓo sabuwar shaddata. Ɗinkin ya yi. Ruwan toka ce, da aiki a wuya. Na gwada na tsaya gaban madubi, na ga mutumin da ya dace da filin jirgi.

Saminu ya ce, "Wai da gaske kai za ka tafi Dakar ɗin?"

Na ce, "In Allah ya yarda."

"Na ji an ce taron mata ne."

"Ba na mata kaɗai ba ne."

"Yaya sunan taron?"

Na ce masa sunan yana da tsawo. Ya ce yana da lokaci, wutar lantarki ma ta ɗauke. Na ce, "Taron Mata Masu Sana'a na Yammacin Afirka."

Ya cire allura daga bakinsa don ya samu damar yin dariya da kyau. Saminu tela ne nagari, amma ba shi da ilimin hulɗar ƙasa da ƙasa.

Ba ta kira ba.

Alhamis, da hantsi

Tunda littafin nawa ne, bari in rubuta yadda abin yake, don mutanen gari sun fara ƙara masa gishiri.

Haulatu ce shugabar ƙungiyar mata masu matsar man gyada ta unguwarmu. Shirin ya kawo musu inji bara, suna matsar mai, suna ƙuliƙuli, har 'yan Magarya ta Nijar suna tsallako iyaka su saya. Duk wata tana magana ta bidiyo da matan Senegal, ana fassara mata, suna ta dariya a kan gyada. Ni na ba ta goyon baya ɗari bisa ɗari. Ni ke riƙe mata wayar wani lokaci.

Wata rana aka kira wayarta tana wanka. Na ɗauka. Abin da duk miji mai taimako zai yi ke nan. Aka yi min wata tambaya, na ba da amsa.

Iyakar abin da ya faru ke nan.

Alhamis, bayan Magariba

Kuma gaskiya ne ta taɓa yin amai a mota a hanyar Kazaure. Lokacin tana da cikin Raihana, amma dai ta yi. Wanda mota ta wahalar, ina ga jirgi? Ni lafiyarta na duba.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Yau na yi wa majalisar bakin kasuwa jawabi mai taken "Ka Tambayi Matarka Kafin Ka Yanke Shawara." Na sa rigar da hular. Sun saurara fiye da kullum, har wani dillalin awaki ya ce in maimaita taken a hankali yana so ya haddace. Da na gama ya ɗaga hannu.

"Malam, in mutum zai tambayi matarsa, kuma tana Zango, waya zai buga ko takanas zai je?"

Na ce tambayoyi sai mako mai zuwa.

Asabar

Ba ta kira ba. Na kira, Raihana ta ɗauka, ta ce Mama ta ce tana wanka, in akwai saƙo in faɗa wa duk wanda ya ɗauki wayar, shi zai yanke hukunci.

Yarinya ba za ta iya haɗa wannan maganar da kanta ba.

Lahadi, da safe

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne lemon.

Chinyere, jami'ar Shirin a nan Daura, 'yar Onuora mai sayar da kayan babur ce. A garin nan aka haife ta, Hausarta ta fi ta wasu malamanmu. Ita ce ta kira wayar ran nan. Bayan kwana kaɗan sai ga ta da leda cike da lemo, wai ta zo duba mara lafiya. Ta tarar da Haulatu tana sauke jarkar mai daga kan baro ita kaɗai.

Chinyere ta ce, "Sannu Anti, ya jiki? Malam ya ce ba za ki iya tafiyar ba, shi zai wakilce ki."

Ina zaune a kan tabarma ina gyara jarabawa. Haulatu ta ajiye jarkar. Ta dube ni. Ban san tsawon lokacin da ta yi tana kallona ba, na dai ga na ba wani yaro maki a kan amsar da bai rubuta ba.

Sai ta ce, "Da sauƙi, Chinyere. Na gode, Allah ya saka."

Ta raka ta har zaure. Ta dawo ta ɓare lemo guda, ta ajiye a gabana a faranti, ta ce, "Sha, Malam. Kai ne ba ka da lafiya."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi faɗa da na san abin da zan ce, an koya mana wannan a bita.

Litinin, bayan Azahar

Innalillahi.

Chinyere ta same ni a makaranta. Wai babbar shugabar Shirin, Madam Adama, za ta zo daga Senegal ranar Alhamis ta sama. Za ta ga injin, sannan za ta ziyarci "gidan misali," inda miji da mata ke raba aiki, a ɗauki hoton bidiyo a nuna a Dakar. An duba duk masarautar, an zaɓi gidana.

Na ce, "Ba a samu wani ba?"

Ta ce, "Wa ya kai ka, Malam? Kai da kake cewa a rediyo kai ke tuƙa tuwo ranar Juma'a." Sai ta ƙara da cewa, "Anti ta warke dai ko? Kwana biyu ban gan ta wurin inji ba."

Na ce ta je canjin iska.

Ta ce, "Allah ya ƙara sauƙi," tana kallon hulata.

Talata, bayan La'asar

Na tuƙa tuwo.

A rediyo ban yi ƙarya ba, niyya ce na faɗa kafin aiki. Na hura gawayi, na ɗora ƙaramar tukunya tunda babbar tana Zango. Na zuba gari gaba ɗaya cikin tafasasshen ruwa. Ashe akwai abin da ake fara yi, wai talge. Abin da ya fito gudaji ne manya manya, in ka fasa ɗaya sai ka tarar da busasshen gari a ciki, ko ruwa bai taɓa shi ba.

Inna ta fito ta tsaya a kaina, ta leƙa tukunyar, ta kira kazarta. Kazar ta zo ta duba, ta koma.

Na ce, "Inna, ki nuna min mana."

Ta ce da Hausa, don in ji da kyau, "Wadda za ta nuna maka tana gidan ubanta."

Laraba, da safe

Na fito zan tafi makaranta na tarar da matan ƙungiya sun shimfiɗa tabarma a ƙofar gidana, sun kai goma, da buhunan gyadarsu. Mataimakiyar Haulatu, Maman Jibril, ita ce a gaba. Wai makullin ɗakin inji yana hannun shugaba, gyada tana shan danshin damina, masu saye suna komawa hannu rabbana.

Na ce su yi haƙuri, shugaba ta je canjin iska.

Maman Jibril ta ce, "Iskar Daura ce ta ɓaci, ko ta cikin gidan nan?"

Na ce ina da aji.

Ta ce, "Je ka ajinka, Malam, mu muna nan. Ai kai ka koya mana a rediyo cewa mace ta tsaya a kan haƙƙinta. Mu zama muka zaɓa, ƙafafunmu ba su da ƙwari."

Da na dawo suna nan. Inna ta kawo musu fura. Hannunta ya warke.

Alhamis, da yamma

Saminu ya kawo shawara. Wai tunda baƙuwar daga Senegal take, ba ta san kowa ba, in roƙi ƙanwata Amatullah ta zo ta zauna a matsayin matar gida na yini ɗaya. Na ce masa wannan yaudara ce, kuma ta saɓa wa ƙa'idojin Shirin.

Da na bar shagonsa na bi ta gidan Amatullah, don zumunci kawai. Magana ta kawo magana.

Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Yaya, matar da Anti Haulatu ke hira da ita ta bidiyo duk wata, ita ce ba ta san fuskarta ba?"

Wannan ban tuna da shi ba. Saminu ma bai tuna ba.

Kafin in kai bakin zaure na ji tana cewa a waya, "Anti, zauna tukuna in ba ki labari."

Juma'a

Ban je majalisa ba. Maƙogwarona ke ciwo.

Asabar, bayan Magariba

Na je Zango. Ba biko ba ne, ziyarar aiki ce.

Na hau babur tun da sassafe, na yi tsarabar goro da sabulu. Surukina, Baba Harisu, ya karɓe ni da fara'a ƙwarai. Ya tambayi Inna, ya tambayi makaranta, ya tambayi ruwan Daura. Bai ambaci Haulatu ba. Na fara share fage, sai ya ce, "Ka zo a daidai, Malam. Ciyawa ta ci min gonar gyada, yaran duk sun tafi Kano." Ya miƙo min fartanya.

Na yi noma har rana ta take. Rabona da fartanya tun ina sakandare. Duk sanda na miƙe in yi magana sai Baba ya ce, "Ga wata can ka tsallake."

Da Azahar Haulatu ta kawo abinci gona. Dambu ne da zogale. Ta gaishe ni kamar yadda ake gaida baƙon mahaifi. Baba ya ɗauki butarsa ya ce zai je ya duba wata kunya can ƙarshen gona, ya tafi ya zauna inda yake iya ganinmu.

Na ci dambun. Ba zan rubuta yadda na ci shi ba.

Na ce, "Maman Raihana, matan ƙungiya suna ƙofar gida."

Ta ce, "Na aika wa Maman Jibril makulli tun shekaranjiya. Zaman da suke yi yanzu na nishaɗi ne."

Na ce, "Madam Adama za ta zo ranar Alhamis."

"Na sani. Ta faɗa min."

Na ce, "To ai ya kamata a ce kina gida."

Ta tattara kwanukan a hankali. Ta ce, "Abban Raihana, in tambaye ka. Da ka zo ka ce min, Haulatu, ban taɓa hawa jirgi ba, raina yana so, me kake tsammani zan ce?"

Na ce ba maganar jirgi ba ce, maganar wakilci ce.

Ta ce, "Da na je na roƙa maka kujera ta biyu. Ko ba su bayar ba, da na roƙa. Da mun zauna mun yi dariya." Ta ɗora kwanukan a ka. "Duk garin Daura ka bi kana cewa maza su tambayi matansu. Ni ina bayan ƙyaure da soso a hannu, taku kaɗan tsakaninmu."

Ina da amsa. Amsa mai kyau ce. Sai da na wuce rabin hanyar Daura ta zo min, kuma ruwa ya tare ni, na isa gida jiƙe sharkaf.

Lahadi

Tafin hannuna duk ya yi bororo. Da ƙyar nake riƙe biro.

Gidan ya yi shiru da yawa. Ba wanda ke kunna rediyo da ƙarfi, ba warin soyayyar gyada da nake ƙorafi a kai. Takalmin makarantar Raihana ɗaya yana ƙarƙashin kujera, ban san inda ɗayan yake ba.

Lafiya lau nake.

Litinin, da hantsi

Na ɗauki waya in kira Chinyere in yi mata wani bayani. Na kira. Ta ɗauka. Na tambaye ta farashin taya a shagon babanta.

Talata

Tuwo ya ɗan yi kama da tuwo. Kaza ta ci.

Laraba, bayan La'asar

Na share tsakar gida, na wanke randa, na aro kujerun roba daga makwabta. Na shirya abin da zan ce: uwargida ta je jinya, amma ga maigida yana riƙe da gida, wanda shi ma misali ne. Na maimaita a gaban Inna. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Allah ya kai mu goben."

Yadda ta faɗe shi bai kwanta min ba.

Alhamis, bayan Magariba

Zan rubuta a jere, yadda ya faru.

Na sa sabuwar shaddar, tunda za a ɗauki hoto. Na tuƙa tuwo, na ɗora miyar kuka. Wajen hantsi na ji guɗa a waje. Na leƙa, sai ga Haulatu ta sauko daga mota da Raihana, matan ƙungiya sun kewaye ta. Ta shigo ta gaida Inna, ta dube ni, ta dubi tukunyar, ta ce, "Ka sa kanwa?" Na ce eh. Ta ce, "Da yawa ka sa." Na lura ba ta zo da akwati ba.

Sai baƙi suka iso: Chinyere, da mai kyamara, da Madam Adama. Na zaci zan ga mace mai takalmi mai tsini. Dattijuwa ce doguwa, da ɗaurin ɗankwali kamar rumbu, da carbi a hannu. Ta rungume Haulatu kamar 'yarta. Turancinta ya gauraye da Faransanci, Chinyere ke fassarawa, ni ina gyaɗa kai tun kafin a fassara.

Aka ɗauke ni ina juya miya. Aka ɗauke ni ina miƙa wa Haulatu ruwa. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "Na gode, Malam," har mai kyamara ya ce a sake don ya yi kyau. Na fara jin cewa za a rabu lafiya.

Madam Adama ta kama hannun Haulatu. Chinyere ta fassara: "Ta ce ta yi baƙin ciki da ba za ki zo Dakar ba. Matan can duk ke suke jira. Wane irin ciwo ne?"

Haulatu ta sunkuyar da kai ta ce, "Da sauƙi."

Sau biyu ke nan tana faɗar wannan kalmar saboda ni.

Inna tana zaune a bakin ƙofarta tana tsinkar zogale. Sai ta yi wata magana ƙasa-ƙasa da Fulatanci, ita da kanta. Madam Adama ta juya da sauri. Ta ce wani abu. Inna ta saki zogalen. Ashe matar nan Bafulatanar Senegal ce.

Ban taɓa ganin haɗin kan ƙasa da ƙasa ya yi sauri irin na yau ba. Madam ta ja kujera ta zauna gaban Inna. Inna ta ce Fulatancin baƙuwar ya sha ruwan teku, amma ana ganewa. Suka gaisa, suka tambayi shanun juna. Daga nan Inna ta gyara zama ta fara bayani. Ta kwaikwayi mai wanka. Ta kwaikwayi mai ɗaukar waya. Ta nuna ni da reshen zogale. Ta shimfiɗa hannu ta yi jirgi, har da ƙararsa.

Na ce wa Chinyere, "Me suke cewa?"

Ta ce, "Ni Hausa da Turanci da Ibo aka ɗauke ni aiki, Malam. Amma wannan ko kurma ya ji."

Miyar ta tafaso ta zubo, na kai hannu, ta wanke min gaban shadda.

Madam Adama ta taso ta tsaya a gabana. Ta fi ni tsawo. Ta yi tambaya gajeriya. Chinyere ta ce, "Ta ce kai ne Jakada, daga bakinka take so ta ji. Wa ya kamata ya je Dakar?"

Matan ƙungiya sun cika zaure. Saminu ma yana leƙe ta kan katanga, ban san wa ya gayyace shi ba. Na dubi Haulatu. Ba ni take kallo ba, Raihana take gyara wa ɗankwali.

Na faɗi abin da na faɗa: Haulatu ce, kuma lafiyarta ƙalau. Bai yi tsawo ba. Ban yi shi da muryar rediyo ba, ita wannan ta ƙi fitowa. Na ƙara da wata magana da ba a tambaye ni ba, wadda ba ta Madam ba ce, ta Haulatu ce, ta neman gafara. Chinyere ta buɗe baki za ta fassara, Madam ta ɗaga mata hannu.

Mai kyamara ya ce bai kashe ba. Na roƙe shi ya goge. Ya ce zai duba.

An ci tuwon. Madam ta ce ba ta taɓa cin irinsa ba, kuma na yarda da ita.

Haulatu ta koma Zango da yamma.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Na kai wa Chinyere riga da hula, na ce na ajiye aiki. Ta ƙi karɓa. Wai Madam ta ce jakadan da bai taɓa jin kunya ba bai san aikin ba, yanzu ne na cancanta. Sharaɗi ɗaya: in koma majalisa in ba da labarin da bakina.

Na koma. Na fara, sai dillalin awaki ya ce, "Tsallake wurin waya, Malam, mun san wannan. Fara daga inda Inna ta yi jirgi."

Sun yi dariya har mai nama ya bar tsirensa ya ƙone. Da aka watse wani magidanci ya biyo ni, ya rage murya, ya ce matarsa ta daɗe tana so ta shiga ƙungiyar, shi ya hana, wa ake gani? Na ba shi sunan Maman Jibril. Tun da na fara aikin nan shi ne mutum na farko da ya biyo ni ba don ya tsokane ni ba.

Talata, da yamma

Na raka ta Katsina yin fasfo. A mota ta zauna kusa da taga, ni a tsakiya, wani mai kaji a gefena. Ba ta yi amai ba. Ni ne warin kajin ya juya wa ciki, sai da aka tsaya.

Ta miƙo min ruwa, kafaɗunta suna motsi don dariyar da take dannewa.

A hanyar dawowa ta yi min hira, ta ce tana jin tsoron tsayawa gaban mutane masu yawa. Na ce zan rubuta mata jawabi. Ta dube ni. Na ce ko kuma ta faɗa da kanta, ni in saurara in tana so. Ta ce wannan ya fi.

A tasha ta hau motar Zango. Ban tambaya ba. An ce in riƙa tambaya, amma wannan tambayar ina tsoron amsarta.

Asabar

Ta kira. Da kanta. Ta karanta min abin da za ta ce a Dakar, a kan gyada da iyaka da yadda matan Magarya ke shan wahalar tsallakowa da kaya. Ya yi kyau. Na so in gyara wuri ɗaya, na riƙe bakina da hannu.

Laraba, da hantsi

Yau ta tafi. Daga nan mota zuwa Kano, ita da Chinyere, gobe jirgi.

Tashar ta cika da matan ƙungiya, kowace da saƙonta. Maman Jibril ta kawo ƙuliƙuli a kai wa matan Senegal. Inna ta ba da man shanu a kwalba, a kai wa ƙawarta Adama, ta ce a faɗa mata wai ni, ɗan nata, ina samun sauƙi. Baba Harisu ya zo daga Zango da Raihana, ya damƙa min hannunta, ya tambaye ni ko tafin hannuna ya warke, don gero ya kusa isa girbi.

Ni na ɗauki akwatin na sa a but ɗin mota. Na tsaya bakin taga. Ina da abubuwa da yawa da zan ce, sai na ce ta riƙe fasfo da kyau. Ta ce to. Na ce kada ta sha ruwan da ba ta sani ba. Ta ce to. Direba ya tayar da mota.

Na ce, "In kin dawo, ina za a je tarbarki? Nan, ko Zango?"

Ta gyara mayafinta. Motar ta fara tafiya, ina bin ta da sauri. Sai ta leƙo ta ce, "Ɗakina yana yoyo ta kusurwar gado. Kada in dawo in tarar da shi haka."

Laraba, bayan La'asar

Na sayo kwano da ƙusa, na aro tsani. Saminu ya ce in jira kafinta ya zo gobe, ban taɓa hawa rufi ba, zan faɗo in karye a banza.

Ban jira ba.